Exhuma: rabinsa ya hana mu barci, rabinsa ya cinye mana fetur

Ƙanwata Auta ce ta kawo mana fim ɗin Exhuma a filas daga shagon mai tura fina-finan nan na bakin titi, kuɗin turi kuwa kun san yadda ya koma, ba sai na faɗa ba. Tun daga zaure take zuzuta shi, wai a Koriya ta Kudu mutum sama da miliyan 11 suka shiga silima suka kalle shi a 2024, ƙasar da duka mutanenta ba su kai miliyan 52 ba. Na ce mata su suka san abin da suka gani, mu dai in babu tsoro a ciki ke za ki biya kuɗin man janareta. Ni mai son fim ɗin tsoro ce ta gaske, kuma an sha cika mini baki a ƙare da mace mai farar hoda da gashi a barbaje tana leƙowa ta bayan ƙofa.

Tun kafin a fara raina ya ɓaci, don ba fassarar Hausa. Rubutun Turanci ne kawai a ƙasan allo, ƙanana kamar ƙwayar gero. Mu biyar ne a falo: ni, da maigidan, da ƙaninsa mai karatu a jami'a, da Auta, sai Goggon maigidan da ta zo ganin likitan ido ta kwana biyu a wurinmu. Goggo ta shimfiɗa dardumarta can gefe, ta juya mana baya da carbinta, ta ce ita ba ta kallon shirme. Ba a yi minti goma ba ta ce, "Ke 'yar nan, me jaririn ya yi suke tsaye a kansa haka?" Daga nan na zama tafinta, ina karantawa ina juya mata, awa biyu da kwata ba ko kurɓar ruwa.

Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsaya nan.

Wasu attajiran Koriya ne mazauna Amurka, duk ɗan farin da aka haifa a gidan sai wani ciwo da likita ba ya gani ya kama shi, har abin ya iso kan jariri sabon haihuwa. Suka ɗauko wata matashiyar bokanya, Hwa-rim, da yaronta. Ta saurara ta ce kakansu ne ke kuka daga kabari, makwancinsa bai yi masa ba. Sai ta nemo wani dattijo mai duba ƙasa kafin a binne mutum, Choi Min-sik ne ya fito a wannan matsayin, tare da abokinsa mai shirya gawa. Suka hau wani dutse kusa da iyakar Koriya ta Arewa, yanyawa na ta kewaya wurin, dutsen kan kabarin kuma babu suna sai lambobi. Dattijon ya ɗebi ƙasar ya ɗanɗana a harshe, ya tofar, ya ce shi ba zai taɓa wannan kabari ba ko nawa za a ba shi.

Goggo ta ce, "Mai hankali ke nan. Su bar bawan Allah ya kwanta." Da na gaya mata ba tonowa kaɗai za a yi ba, ƙone akwatin za a yi da gawar a ciki, sai ta ajiye carbin ta yi salati, ta ce wannan wace irin zuriya ce.

Aka zo wurin tonon, kuma nan ne na fara gyara zama. Ganga na tashi, Kim Go-eun, wadda ta fito a bokanyar, tana juyi da wuƙaƙe, ta shafe fuskarta da baƙi da jini, ga gawar aladu biyar a jere tana yankarsu, ma'aikata biyar kuma suna haƙa. Aladun sun tayar wa kowa da zuciya, maigidan har ya kau da kai. Amma Goggo ta ƙura ido ta ce, "Wannan ai bori ne, garaya ce kawai babu." Ta ce tana yarinya ta ga yadda iska ke hawan mace a garinsu, kuma yadda kafaɗar yarinyar nan ke karkarwa kafin ta zabura haka abin yake, ba ƙari. Ba mamaki da aka ba ta kyautar gwarzuwar jaruma ta Baeksang, wato bikin karrama 'yan fim na Koriya, a shekarar, ta ci abinta.

To ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Bayan wani mai gadi mai kwaɗayi ya ɓalle murfin akwatin, kakan ya fita yana bin jininsa ɗaya bayan ɗaya. Jikan, uban jaririn, yana ɗakin otal shi kaɗai a birnin Seoul. Wayarsa ta yi ƙara, muryar dattijon nan mai duba ƙasa ce, yana gaya masa abin da ya faru, ya ce yana hanya. Suna cikin magana sai aka buga ƙofa. Wanda ke bugawa shi ma muryar dattijon ce, yana cewa a buɗe.

Ku tuna ni ce tafinta. Da bakina nake cewa, "Na waya ya ce kada ka buɗe, wanda ke ƙofa kakanka ne." Da bakin nawa kuma nake cewa, "Na ƙofa ya ce da wa kake magana, buɗe mini." Murya ɗaya a fim, murya ɗaya a falo, har na rasa wa nake fassarawa. Rubutun ma ya fara makara da kamar daƙiƙa biyu, aikin mai turi, sai ya zama ana buga ƙofar kafin na faɗi abin da aka ce. Na ji tafin hannuna ya jiƙe, rimot na neman zamewa.

Falo ya rabu biyu nan take. Auta, wadda ashe ba ta taɓa kallonsa ba, labari kawai ta ji a makaranta, ta haye kujera ta naɗe ƙafa tana cewa kada ya buɗe, kada ya buɗe. Ƙanin maigidan ya ce ai a bayyane take, na waya ne na gaskiya, fatalwa ba ta da lambar kowa. Maigidan ya goyi bayansa. Ni ma a raina can nake. Sai na wayar ya ce wa jikan ya matsa daga ƙofa, ya je ya buɗe taga. Ina gama juya wannan, Goggo ta buga cinyarta.

"Ƙarya yake! Wane ɗan Adam ne zai ce ka buɗe taga da tsakar dare? Mutum ta ƙofa yake shigowa."

Ƙanin maigidan ya ce, "Haba Goggo, ku bari ku gani mana."

Ta ce, "Kai rufe mini baki, na girmi ubanka."

Mutumin ya buɗe tagar. Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi duka ba, ya miƙe ƙyam kamar soja yana jawabi da wata murya, daga baya wuyansa ya juya har fuskarsa ta koma baya. Auta ta ƙwalla ƙarar da ta tayar da ƙaramin ɗana a ɗaki, shi kuma ya fashe da kuka, daidai lokacin da jaririn fim ɗin ke kwance a asibiti kakan na nufarsa. Wallahi sai da na yi jim kafin na iya tashi, maigidan ma da na ce ya raka ni cewa ya yi wai yana duba janareta ta taga, alhali ko kusa da tagar bai je ba. Na ɗauko yaron na dawo da shi a kafaɗa, sai na tarar da Goggo ta baro darduma ta dawo gaban talabijin, tana nuna allo da carbi tana cewa, "Ku ƙone shi mana! Me kuke jira? Zai kashe yaron!" Matar da ɗazu ta ce ƙone gawa aikin marasa tsoron Allah ne. Da aka tura akwatin cikin wuta jaririn ya tsira, ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi, sannan ta tuna ta yi istigfari.

Da a nan fim ɗin ya ƙare, da na ce ban taɓa kallon na tsoro kamarsa ba. Babu dodo, kakan ma sai a gilashi ko madubi ake hango shi dishi-dishi. Abin da ke tsinka zuciya shi ne na gida ne, jininka, yana kiranka da muryar wanda ka yarda da shi. Goggo ma tun kafin a bayyana ta ce dukiyar gidan nan akwai haƙƙi a cikinta, kuma haka ta kasance, kakan ya yi wa Japanawa aiki lokacin da suka mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945.

Na duba sai na ga saura kusan awa guda. Maigidan ya fita ya ƙara mai, wannan karon da tocila biyu.

Ashe akwai wani akwatin a ƙarƙashin na farko, ƙato, an binne shi a tsaye an naɗe shi da waya mai ƙaya. Har nan ina tare da su, tsigar jikina ma ta tashi da suka zagaye shi da shinkafa da jinin doki. Sai abin da ke ciki ya fito. Jama'a, wani zabgegen sojan Japan na zamanin da, da sulke da hular ƙarfe, ya fi kowace ƙofa tsayi, yana tafiya ƙasa na girgiza, yana tambaya a kawo masa kifi da 'ya'yan itace. Ƙanin maigidan ne ya fara tuntsirewa da dariya, ya ce yunwa ce ashe ke damun bawan Allah. Da ya rikiɗe ya zama dunƙulen wuta yana shawagi a sama, Auta da ke kan kujera ta sauko da ƙafarta ta ɗauki waya tana duba saƙo. Goggo ta yi hamma ta ce, "Wannan kuma ɗan wa ne a gidan?" Na ce ba ɗan kowa ba ne. Ta ce to me ya kawo shi, ta koma dardumarta.

Tambayar da ni ma nake yi ke nan. An sayar mini da fim a kan bala'in da ke bin zuriya, na saki jiki, na damu da jaririn nan kamar nawa, sai a tsakiya aka sallami iyalin gaba ɗaya aka kawo mini wani labari daban. Ga aikin fassara ya ƙaru, don dodon Japananci yake yi, ana ta zancen yanyawa ta sare ƙugun damisa, ana lissafin ƙarfe da itace da ruwa da wuta wane ke cin wane. Ina juyawa babu mai saurare sai maigidan, shi ma don ya ga ƙarshen man da ya zuba ne.

Washegari wajen karin kumallo ƙanin maigidan, wanda ya fi kowa dariya, ya dawo yana kare fim ɗin. Ya kwana yana karance-karance a waya. Ya ce damisar ita ce Koriya, haka suke kwatanta surar ƙasarsu, kuma akwai tsohon zance a can cewa Japanawa sun kafa turakun ƙarfe a duwatsu don su karya lagon ƙasar. Fim ɗin da kansa ya sa mai shirya gawa ya ce kashi 99 cikin 100 na zancen ƙarya ne, dattijon ya ce to ɗayan fa. Ya ce sunayen jaruman na 'yan gwagwarmayar neman 'yanci ne, lambobin motocinsu kuma 1945 da 0815 da 0301, wato shekara da ranar da suka samu 'yanci, da ranar boren 1 ga Maris na 1919. A can, in ji shi, wannan rabin da muka yi wa dariya shi ya sa wasu suka koma silima karo na biyu, har wani mai shirya fim ya fito yana ƙorafin ana cusa wa mutane ƙin Japan. Na ɗan sassauta, gaskiya. Na gane darakta Jang Jae-hyun cewa yake kabarin gida ɗaya a kan kabarin ƙasa baki ɗaya yake zaune, sai ka ɗaga na sama kake ganin na ƙasa. Wanda kakarsa ta ba shi labarin wancan zamanin dole ya ji abin da ban ji ba.

Amma da na shiga kicin na ga jarkar mai a bushe sai haushin ya dawo sabo. Ai ba sai an nuna mini dodon da ƙafa da haƙora ba. Mutumin da ya iya tsorata falo guda da bugun ƙofa da ƙarar waya, me ya kai shi ɗinka wa dodo sulke? A Indunusiya ma an ce sama da mutum miliyan 2 suka kalla, su da ba ruwansu da rigimar Koriya da Japan, kuma na tabbata tonon kabarin da otal ɗin ne suka kai su, ba mai neman kifi ba. Mai turi kuma da na aika Auta ta gaya masa rubutunsa na makara, cewa ya yi talabijin ɗinmu ce. Har yau ba ta biya ni kuɗin man ba, wai ai na ji tsoro, alkawari ya cika.

Ranar da Goggo za ta koma gida, tana ɗaure kayanta a ɗaki ta kira ni ta rage murya, ta ce in sa Auta ta tura wa jikanta fim ɗin a waya, akwai maƙwabciyarta da take so ta gani ko za ta gane na taga ne maƙaryacin. Na ce to Goggo, amma ku sani babu mai yi muku fassara a can. Ta ce ita za ta yi, ai ta haddace. Ta ɗaga ƙullin kayanta, ta juyo daga bakin ƙofa ta ce a gaya wa yaron ya yanke shi daidai inda aka ƙone akwatin.