Wata goma da gilashin kyamarar da ba ya jawo nesa

Wata goma ke nan da na kwance gilashin da ya zo tare da kyamarata, mai milimita 18 zuwa 55, na ɗaura mata wani mai milimita 23 wanda ba ya jawo abu kusa, ba ya kuma tura shi nesa. Inda ya tsaya, nan ya tsaya. Kamfanoni da dama suna ƙera irinsa, kuma tunda ba talla nake yi ba, zan bar sunan a aljihu. Hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai da ke cinye mini ƙarshen mako.

Lamba ɗaya ce ta ja ni gare shi, wato f/1.4. Ita ke nuna iya faɗin da ƙofar haske za ta buɗe, kuma ƙanƙantar lambar ita ce girman ƙofar. Tsohon gilashina a daidai milimita 23 ba ya wuce f/4. Daga f/4 zuwa f/1.4 mataki uku ne, kowane mataki yana ninka haske sau biyu, ka ga ninki takwas ke nan. Da na yi wannan lissafin, sai na riƙa ganin taurari a mafarki.

Amma a titi ya fara nuna mini halinsa. Makonni biyun farko haushi kawai na sha. Hannuna ya saba murɗawa, sai in murɗa in ji ba abin da ya motsa. Dole ƙafa ta karɓi aikin. A kyamara mai ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikinta) irin tawa ana ninka lambar milimita da ɗaya da rabi, don haka 23 tana ba da kusan abin da 35 ke bayarwa a babbar kyamara, wato mai babbar sensa: faɗin da ke ɗaukar mutum tare da wurin da yake tsaye. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya yi suna a hoton titi, yawancin aikinsa da gilashi ɗaya mai milimita 50 ya yi shi, kuma sai yanzu na gane ba rowa ba ce. Idan faɗi ɗaya ya zauna maka a ka, kana ganin hoton tun kafin ka ɗaga kyamara.

Wata rana da yamma, ruwa ya ɗauke ke nan, na hangi wani dattijo yana gyaran keke a ƙarƙashin fitilar shago, hasken na kwance a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Da tsohon gilashin ne, daga tsallaken titi zan sace hoton in wuce abina. Wannan kuwa sai da na matso taku uku tsakaninmu. Ya ɗago, na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yarda in ɗauke ka?" Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗaure tayarsa. Ba filasha, ISO (ma'aunin saurin jin haske na kyamara) 800, kuma har baƙin mai da ke ƙarƙashin farcensa ya fito. Sai dai a kula: a f/1.4 zurfin abin da ke fitowa tas siriri ne ƙwarai, ido ya fito, kunne ya dushe. Da rana ina barin sa a f/5.6 ko f/8.

A tafiya ba ni da dogon ƙorafi. Ba nauyi, kuma tunda ba na cirewa da sakawa, ƙura ta daina shiga sensa. Tsuntsu a kan reshe ko ƙololuwar dutse daga nesa kuwa, sai dai ka kalla da idonka ka haƙura.

Dare ne ya raba ni da rabin murnata. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka idan ka bar kyamara a buɗe ya daɗe, taurari sai su zama 'yan layuka. Masu wannan harka suna da ƙa'idar da suke kira ta 500: ka raba 500 da lambar milimitar gilashin a ma'aunin babbar kyamara, ka sami iya daƙiƙun da za ka bar ta a buɗe. A wurina 500 a raba da 35 ya ba da daƙiƙa 14. Da na faɗaɗa hotunan a kwamfuta, na ga a daƙiƙa 14 sun riga sun fara jan wutsiya, sai na koma 8 zuwa 10.

Wannan mai sauƙi ne. Saiti, wato daidaita gilashi har hoto ya fito tas, shi ne ciwon kai. A duhu kyamara ba ta iya saita kanta, sai dai ta yi ta kai da komo. Dole ka koma hannu, ka nemi tauraro mai ƙarfi kamar Siriyus, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, ka faɗaɗa shi a allo, ka murɗa a hankali har ya zama ɗigo. To zoben wannan gilashin na lantarki ne, ba shi da inda yake tsayawa, kuma da kyamara ta kashe kanta, saitin ya gudu. Ban san haka ba sai a daren 13 ga Disamba, lokacin ruwan taurarin nan na Jeminid da ke zuwa duk shekara a tsakiyar watan. Na kafa mai ƙafa uku, na saita, na zauna ina jiran idona ya saba da duhu, wanda yakan ɗauki kamar minti 20 zuwa 30. Kafin in tashi kyamarar ta yi barci. Na tashe ta, na bar ta tana ɗauka fiye da awa guda. Da safe na buɗe, kowane tauraro ya kumbura kamar ɗigon mai a kan ruwa. Ko ɗaya ban tsira da shi ba.

Akwai kuma abin da babu dabarar da ke gyara shi. A f/1.4, taurarin tsakiya ɗige-ɗige ne masu kyau, amma na kusurwoyi sai su fito da fikafikai kamar 'yan tsuntsaye. Sai na rage ƙofar zuwa f/2.8 suke natsuwa, kuma a nan kashi uku cikin huɗu na hasken da na saye shi dominsa ya tafi. Faɗin ma bai isa ba idan farin kogin taurarin da ke ratsa sama kake so ka kama gaba ɗaya. Masu yin haka sukan nemi milimita 14 ko makamancinsa.

Duk da haka, kashegarin daren Jeminid na koma. Taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sun fito gommai a hoto ɗaya. A wani hoton kuma ga ɗan farin tabo mai kama da hatimin yatsa, na ɗauka datti ne har na ɗauko tsumma. Andiromeda ce, wani gagarumin tarin taurari mai nisa, hasken da ya baro gida kusan shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.

Wanda titi ne gabansa, ko hoton mutane bayan faɗuwar rana, ya saya ba fargaba. Wanda kuma taurari ne kawai suka dame shi, ya nemi mafi faɗi, mai zoben da ke tsayawa inda aka bar shi. Ni dai yanzu kafin in fita da dare, ina hana kyamarar kashe kanta, in sa batir na biyu a aljihun ciki don kada sanyi ya zuƙe shi, kuma bayan kowane hoto goma sai na duba saitin.