Hattara da mai tallan man goge mota "na shekara 5"

Jama'ar Kano, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo da jakar goyo yana tallan man goge mota, wai seramik ne daga Jamus, wato ruwan nan da ke bushewa ya zama rufi mai tauri a kan fenti, shafawa ɗaya ta riƙe mota shekara 5, ruwan sama ba ya zama a kanta, ƙura ba ta kama ta. Ƙarya ce tsagwaronta. Naira 85,000 ya karɓa a hannuna. Naira 85,000, a wannan marra da ake auna man fetur da lita-lita.

Kafin wani ya zo ya ce min ganganci na yi, ni ba baƙon folish ba ne. Tun ina da tsohuwar motata nake sayen Turtle Wax na gwangwani. In wanke mota, in bari ta bushe, in kai ta inuwa don ba a shafawa a kan ƙarfe mai zafi, in shafa kaɗan-kaɗan, in jira ya yi fari-fari sannan in goge da tsumma mai laushi. Na san waks na karnoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a arewa maso gabashin Brazil, da ƙyar yake wuce wata 2 a irin ranarmu, balle in yaran wankin mota sun zabga mata omo. Wanda ake haɗawa da sinadarai a masana'anta kan kai wata 4 zuwa 6. Kuma seramik na gaskiya akwai shi, yana yin shekaru in ƙwararre ya shafa. To da ya ce shekara 5, bai faɗi abin da babu shi a duniya ba. Shi ya sa na saurare shi.

"Yallaɓai, kada ka ba ni ko sisi sai ka gani da idonka." Wallahi wannan maganar ce ke ta yi min yawo a kai. Har a kan sallaya take faɗo min. Ya goge rabin bonet ɗina, ya shafa, ya fasa ledar fiyawata ya kwara. Ɓangaren da ya shafa ruwan ya dunƙule ya gangare, ɗaya ɓangaren ya kwanta shame-shame. Corolla ce baƙa, sai ga ta tana ɗaukar ido. Sannan ya tsiyaya man leta a wurin ya ƙyasta ashana, wuta ta tashi ta mutu, ya goge, fenti lafiya lau. Mutane sun taru, ana ta salati. Ku gaya min waye zai ga wannan a kan motarsa, ba a bidiyo ba, ya ce ƙarya ce?

Sai daga baya mai fenti a Ƙofar Ruwa yake ce min tururin man ne ke ci, kuma kafin zafi ya taɓa fenti ya ƙare, ko motar da ba a taɓa goge ta ba haka za ta yi. Ruwan da ke dunƙulewa kuwa, ko man gyaɗa ka shafa zai dunƙule a ranar. Amma wannan na gaba ne, bari in koma baya.

Tun farko a Facebook na ga tallan, shafi mai hotunan manyan motoci. A'a, ƙanin matata ne ya fara turo min bidiyon a WhatsApp yana tambaya ta ko na san abin, ni kuma na nemo shafin. Wannan ne ya fi ci min rai. Yaron nan ya ce, "Yaya, in dai ka ce yana da kyau zan saya." Na ce masa na gwada da kaina, na gani. Ya tura Naira 45,000 na kwalba ɗaya, daga albashinsa na koyarwa. Yanzu da wane ido zan kalle shi? Bai ce min komai ba har yau, gaisuwa kawai, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Naira 120,000 mutumin ya fara cewa na kwalba biyu. Na yi ciniki, ban miƙa kai kawai ba, muka tsaya a 85,000. Da zan tura kuɗin na ga sunan mace a asusun, na tsaya na tambaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na maiɗakina ne, nawa ya samu matsalar BVN." Ya rubuta min rasit da hatimi, har da garanti. Na tambaya fa. Duk abin da mai hankali zai tambaya na tambaya. Abin da ya yi kuwa, ƙaramar kwalba ya ciro daga aljihu ya yi gwajin, waɗanda ya ba ni manya ne a rufe da leda daga cikin jaka. "Kada ka ba ni ko sisi sai ka gani." Na gani, amma ba abin da na gani ya sayar min ba.

Na shafa kamar yadda ya ce, har gilashin gaba, don ya ce ba sai na kunna waifa ba. Kafin ruwa ya sauka ma motar ta fara kwasar ƙura, ka taɓa ta sai yatsa ya yi maiƙo. Ruwan farko da ya same ni da daddare a hanyar Zariya, da iyalina a ciki, ina kunna waifa gilashin ya dame, fitilun motocin da ke tahowa suka watsu a idona, ban ganin komai. Da ƙyar na gangara gefen titi. Allah ne kawai ya tsare. Mutumin nan bai tsaya a kuɗina ba, ya yi wasa da rayukan 'ya'yana a kan Naira 85,000.

Mai fentin da ya buɗe kwalbar ya sunsuna, ya ce, "Alhaji, wannan ai man sheƙin taya ne aka sirka da kananzir." Ya ce silikon ɗin da ke ciki shi ne abin da masu fenti suka fi tsana, don in bai fita tas ba, duk ranar da za a yi wa motar feshi sabon fentin zai yi ta ƙananan ramuka. Naira 25,000 na biya aka wanke shi daga jiki da gilashi. Ku haɗa da 85,000. Ban ma sa na ƙanin matata ba, wanda na riga na ƙudurta ni zan biya shi.

Lambarsa a kashe. A WhatsApp ya toshe ni tun ranar da na tura masa hoton gilashin, bayan ya amsa min da "Yallaɓai, ba ka goge da kyau ba ne." Ni ne ban goge da kyau ba! Shafin ma ya canza suna, hotunan dai su ne. Na kai ƙorafi bankina, na kai rahoto wurin 'yan sanda, zan kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ina da hoton rasit, da shaidar tura kuɗi, da duk hirarmu, da bidiyon bonet ɗin da wani ya ɗauka a wurin. Zan sa su anjima in na rufe sunan matar, don ban da tabbacin tana ciki.

Kada ku sayi folish a hannun ɗan yawo. Ku je shagon da za ku iya komawa gobe. A buɗe kwalbar da za ku biya a yi gwaji da ita. Waks na jikin mota ba na gilashin gaba ba ne. Duk wanda mutumin nan ya taɓa, ya yi min magana mu haɗa shaidu, don na tabbata ba mu biyu ba ne kaɗai.