Tsohon Git ko sabo: wanda ya kamata ka ɗauka

Malam, ka ce kwamfutar da ka saya a nan Yamai ta zo da Git 2.17, wato tsohon fitowar manhajar da take adana tarihin gyare-gyaren fayilolin aiki, kuma da ka duba bayanan sabbin fitowa ba ka ga komai ba sai ƙananan gyare-gyare da sauyin kalmomi, har kana ganin sabuntawa ɓarnar mega ce kawai. Na yi aiki da duka biyun, kuma ra'ayina ya saɓa da naka.

Kwamfutata ta farko ta hannu ce, na saye ta da tsarin sarrafa kwamfuta na Ubuntu 18.04 a ciki, wato da wannan Git ɗin naka. A cikinsa umarni ɗaya, git checkout, shi ne na komawa wani reshe, wato wani layi na daban na aikin da kake yi, kuma shi ne na mayar da fayil yadda yake a da tare da share duk gyaran da ba a adana ba. Wani dare da aka ɗauke wuta ina sauri kafin batir ya mutu, sai na buga umarnin da sunan fayil ina zaton sunan reshe ne, aikin yini guda ya tafi ba tare da an tambaye ni ko an gargaɗe ni ba. Abin da zan iya cewa game da tsohon shi ne yana aiki, kuma bai taɓa ƙin buɗewa ba.

A watan Agusta na 2019 Git 2.23 ya raba wannan aiki gida biyu: git switch don sauya reshe, git restore don mayar da fayil. Tare da haka aka sake rubuta shawarwarin da yake nunawa a allo, kuma a nan ne abin da kake raina ya fi amfani. Bara ƙanwata, wadda take karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ta koma wani tsohon mataki na aikinta, ta tsinci kanta a wajen kowane reshe, hankalinta ya tashi ta kira ni. Kafin in iso ta warware matsalar da kanta, domin saƙon da ya fito, da Faransanci tunda da shi ta saita kwamfutarta, ya rubuta mata umarnin buɗe sabon reshe da kuma umarnin komawa inda ta fito, kowane a layinsa. Layi biyu ne kacal, amma da ina da irin wannan rarrabewa ta switch da restore a wancan dare da ban kwana ina sake rubutu ba. Haka kuma daga 2.28, a 2020, kana iya zaɓar sunan reshen farko da kanka sau ɗaya, ka huta da sauya shi a kowane sabon aiki.

Akwai abin da ya fi kalmomi nauyi: tallafin Ubuntu 18.04 na gama-gari ya ƙare a 2023, don haka idan shi ne a kwamfutarka, gyaran tsaro na yau da kullum ba ya iso maka.

Ka yi hattara da wasu masu sayar da kwamfutoci na hannu da suke cewa sun saka "sabon tsari" alhali hoton bangon allo kawai suka sauya, da waɗanda suke karɓar kuɗi don su kwafa maka Git daga filash. Git kyauta ne tun da Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005, kuma ba ka san abin da aka cusa cikin kwafin filash ba. Ka buga git --version a gaban mai kaya kafin ka ba da ko dala.

Ka ɗauki sabon. Ka kwafe ayyukanka a wani wuri, ka saka Ubuntu 24.04 wanda yake zuwa da Git 2.43, ko 22.04 mai 2.34 idan shi ka fi samu a kusa, kuma ka yi saukarwar a inda intanet yake da ƙarfi don kada ta katse maka a tsakiya.