Ditto Looper a hannun mai koyon solon jaz a kan maina buluz

Mai jita da ya fara solo, wato ƙirƙirar kiɗansa shi kaɗai a saman rakiya, a kan maina buluz (salon kiɗan buluz da aka gina a kan jerin sautukan maina) yakan makale a wuri guda. Ya iya jerin sautuka biyar da ake kira fentatonik a gaɓa ta 8 ta wuyan jita, yana hawa yana sauka a cikinsu, kunne bai ƙi ba, amma kuma ba a jin cewa kod ɗin da ke ƙasa, wato sautukan rakiya da ake kaɗawa a haɗe, sun canja. Maganin wannan sai da abokin kiɗa da zai riƙa maimaita maka kod ɗin zagayen buluz mai awo 12 ba tare da ya gaji ba. Wannan aikin ne muka auna Ditto Looper da shi, ƙaramar fedar maimaita sauti da kamfanin TC Electronic na ƙasar Danmak ya fitar a 2013, wadda har yau ake sayarwa kusan yadda ta fito.

Na'urar ba ta kai tafin hannu faɗi ba. Madanni ɗaya na ƙafa, abin murɗawa ɗaya, ƙwan fitila ɗaya, sai ramin shigar waya da na fita. Tana ɗaukar sauti har na minti 5, kuma za ka iya ɗora wani kiɗan a kan wanda ka ɗauka iya son ranka. Ka taka sau ɗaya, fitila ta yi ja, ta fara ɗauka. Ka sake takawa, ta koma kore, ta fara maimaitawa. Taku na uku ɗori ne. Idan ka taka ka riƙe, ta cire ɗorin ƙarshe, ka sake riƙewa ta mayar da shi. Taku biyu da sauri tsayarwa ne, idan kuma ka riƙe na biyun ta goge komai. Abin murɗawar ƙarar abin da aka ɗauka kawai yake ragewa ko ƙarawa, bai taɓa sautin da kake kaɗawa a lokacin. Iyakarta ke nan.

Minti 5 ya wadatar sosai ga wannan aiki. Zagaye ɗaya na buluz awo 12 ne, kowane awo bugu huɗu, bugu 48 ke nan. A gudun bugu 120 a minti, daƙiƙa 24 ne. A 80 kuwa daƙiƙa 36.

Ga tsarin da za ka ɗauka, a makullin C maina, wato kiɗan da aka gina a kan sautin C, wanda shi ne na "Mr. P.C." ɗin John Coltrane da masu koyo da yawa ke farawa da shi: Cm7 awo huɗu, Fm7 awo biyu, Cm7 awo biyu, Ab7 awo ɗaya, G7 awo ɗaya, Cm7 awo ɗaya, sannan G7 ya rufe ya mayar da kai farko. Kada ka kama manyan kod masu tsirkiya shida. Sautuka uku sun isa, kuma sun fi barin fili ga solo. Cm7: tsirkiya ta 6, ta 4 da ta 3, duka a gaɓa ta 8. Fm7: ta 5 a gaɓa ta 8, ta 4 a ta 6, ta 3 a ta 8. Ab7: ta 6 da ta 4 a gaɓa ta 4, ta 3 a ta 5. G7 wannan kamun ne dai, ka ja shi baya gaɓa ɗaya. Idan kana so awo na huɗu ya tura ka zuwa Fm7, ɗaga yatsan da ke tsirkiya ta 3 daga gaɓa ta 8 zuwa ta 9, Cm7 ya zama C7. Ka riƙa dukan kod sau huɗu a kowane awo, gajeru, irin salon da aka san Freddie Green da shi a ƙungiyar Count Basie. Tunda Ditto ba ta da ganga, waɗannan duka huɗun su ne agogonka.

Babbar wahalar na'urar tana nan wurin rufe zagaye. Ba ta gyara maka lokaci ko kaɗan. Inda ƙafarka ta sauka, nan zagayen ya yanke. Idan ka makara da ƙiftawar ido, duk dawowar zagaye za ka ji ɗan tuntuɓe, kuma a jaz wannan tuntuɓen yana lalata lilon kiɗan gaba ɗaya. Abin da ke jawo shi kusan kullum ɗaya ne: mutum ya taka sannan ya fara kaɗawa, ya gama awo na 12 ya tsaya sannan ya taka. Ba haka ake yi ba. Fara kaɗawa tun daga awo na 11 ba tare da ka taka ba, ƙafarka tana buga ƙasa da lokaci. Ka taka daidai da bugun farko na awo na 1. Da ka zagayo, ka ci gaba da kaɗawa kamar za ka shiga zagaye na biyu, ka taka tare da bugun farkonsa, hannunka yana dukan Cm7. Sai ka ji na'urar ta karɓa sannan ka saki. Fitilar tana ƙiftawa duk lokacin da zagaye ya dawo farko, wannan zai nuna maka ko bugu na ɗaya ya zauna inda ya kamata.

Za ka iya kunna metironom, na'urar da ke buga lokaci, yayin ɗauka don kada ka yi ta ƙara gudu, musamman a awo na 9 da na 10 inda hannu ke tafiya daga gaɓa ta 8 zuwa ta 4. Amma da zarar ka rufe zagayen, kashe shi. Ditto ba ta haɗe da shi, kuma ɗan bambancin da bai kai a ji ba a zagaye na farko yana taruwa, kafin wani lokaci su rabu.

Inda fedar ta biya kuɗinta shi ne gajerun zagaye. Ba dole ne ka ɗauki awo 12 kullum ba. Ɗauki awo biyu kacal, Ab7 da G7, a gudun 90 ko ƙasa da haka, ka zauna a kansu. A nan ne maina buluz yake rarrabe wanda ke jin kod da wanda ke bin yatsu. Fentatonik na C maina shi ne C, Eb, F, G, Bb. A kan Ab7 sautukan kod su ne Ab, C, Eb, Gb. A kan G7 kuma G, B, D, F. Duba abin da ke tsakaninsu: C yana sauka rabin taki zuwa B, Gb yana sauka rabin taki zuwa F. A wuyan jita, ba ka ma bar gidanka ba. C yana tsirkiya ta 4 gaɓa ta 10, B yana gaɓa ta 9. Gb yana tsirkiya ta 3 gaɓa ta 11, F yana ta 10. Riƙe C tsawon awo na Ab7, ka zame zuwa B daidai lokacin da G7 ya shigo. Wannan motsin na gaɓa ɗaya yana gaya wa mai sauraro cewa kod ya canja fiye da gudun sautuka goma sha shida. Shi B ɗin nan babu shi a fentatonik, shi ya sa mai bin fentatonik zalla yake wuce G7 kamar bai gan shi ba. Idan ka daɗe a kan C a saman G7 kuwa, za ka ji yana gugar B ɗin da ke cikin kod. Da gajeren zagaye za ka ji wannan gugar sau da yawa a cikin minti ɗaya, har kunne ya koyi kauce mata da kansa.

Bayan wannan sai ka faɗaɗa. A kan G7, jerin C, D, Eb, F, G, Ab, B yana zama daram, kuma Ab ɗin da ke ciki, tsirkiya ta 2 gaɓa ta 9, yana ba da ɗacin da ake nema kafin a koma Cm7. A kan Ab7 gwada saka D a maimakon Db, za ka ji ya buɗe.

Haka za ka yi wa awo na 4 zuwa na 6. Ɗauki C7 awo ɗaya, Fm7 awo ɗaya. A kan C7 kaɗa E, G, Bb, Db, ka sauka a kan Ab ko C na Fm7. Akwai kuma tarkon da ya kamata a ji da kunne: A na tsirkiya ta 2 gaɓa ta 10 yana da daɗi ƙwarai a kan Cm7, shi ke ba da launin nan mai haske, amma idan ka shiga awo na 5 da shi sai ya yi karo da Ab na Fm7. Saukar da shi gaɓa ɗaya a daidai canjin. Kunnen da ya saba da jitar Agadas, irin ta su Bombino, inda sau da yawa kiɗa ke zama a kan kod ɗaya ko biyu, ya riga ya san daɗin fentatonik da maimaita jimla. Wannan dukiya ce, kada a yar da ita. Abin da ake ƙarawa shi ne waɗannan 'yan sautukan, Ab, B, Gb da E, kowanne a lokacinsa.

Amfani na biyu da mutane da yawa ba sa lura da shi: ɗorawa da cirewa. Bayan ka ɗauki kod, taka ka ɗora solonka na zagaye ɗaya, ka ajiye jitar ka saurara. Abin da ake ji yayin kaɗawa daban yake da abin da ya fita. A nan za ka gane ko kana gaba da lokaci, ko duk jimlolinka a bugu na ɗaya suke farawa, ko ba ka barin numfashi tsakaninsu. Ka taka ka riƙe, solon ya fita, kod ɗin suna nan, ka sake gwadawa. Ka tuna dai ɗori ba ya wuce tsawon zagayen farko. Idan ka zarce, sabon solon zai hau kan tsohon su cakuɗe. Mai son gwada solo mai tsawo sai ya ɗauki kod zagaye biyu ko uku tun farko.

Ingancin sautin ba abin ƙorafi ba ne. Abin da ka zuba shi take mayarwa, kuma idan babu komai a cikinta sautin jitarka yana wucewa kai tsaye. Matsalar da ake samu ta saiti ce. Masu jaz suna son fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) na kusa da wuya da sauti mai duhu, to idan kod da solo duka da wannan sautin aka yi su, suna fita ta sifika ɗaya su dagule. Ɗauki kod ɗin da hannu mai sauƙi, ko da fikof na tsakiya, sannan ka rage abin murɗawar har solo ya zauna a samansu. Fedar ta zama ta ƙarshe kafin amfilifaya, kuma amfilifayar ta kasance da sauti mai tsabta. Idan tana ƙuna, wato tana gurɓata sauti, kod da solo za su shiga ƙunar tare, ba za ka iya tantance B daga Bb ba.

Sai batun wuta, wanda ya kamata a sani kafin a biya kuɗi. Ba ta ɗaukar batir, babu wurinsa, kuma ba ta zuwa da adafta a kwali. Tana son bolt 9 na DC, tsakiyar fulogi nagatib, aƙalla miliyamfiya 100, irin adaftar da fedodin Boss ke amfani da ita. Adaftar rediyo ko ta wata na'ura da aka tsinta a gida sau da yawa tsakiyarta fozitib ne, ko ƙarfinta ya wuce 9, kuma hakan na iya ƙona fedar. Duba ɗan zanen da ke bayan adaftar kafin ka soka. Adafta mai arha kuma takan kawo ƙugi, musamman a kan janareta, kuma idan ƙugin ya shiga ɗauka, kowane ɗori yana ƙara shi. Abu mai kyau shi ne idan aka ɗauke wuta, zagayen da ka riga ka rufe yana nan idan ta dawo.

Gazawarta a bayyane take. Zagaye ɗaya kawai take riƙewa, don haka idan kana son Fm bayan Cm, sai ka goge. Ba ta rage gudu, ba ta canja makulli, babu ganga babu bes. Tsayarwa da taku biyu tana da wuyar dacewa da bugu, ga mai wasa a gaban jama'a wannan damuwa ce ta gaske, ko da yake a ɗakin atisaye ba komai ba ne. Wanda waɗannan suka dame shi yana da zaɓi. Ditto X2 tana da madanni na biyu na tsayarwa kuma tana karɓar batir. Ditto+ tana da ɗan allo da wurin ajiye zagaye 99. Boss RC-1 tana ɗaukar minti 12, tana aiki da batir, tana da da'irar fitilu da ke nuna inda kake a zagaye, abin da ke taimaka wa mai ɓacewa a awo na 7 da na 8. RC-5 kuma tana da kiɗan ganga a ciki. Ga wanda bukatarsa ita ce ya bi makullai 12 ko ya riƙa ƙara gudu a hankali, manhajar iReal Pro a waya ta fi kowace feda dacewa, domin da taɓa allo take canja makulli da gudu.

Duk da haka, ga aikin da muka auna ta da shi, mun fi ba da shawarar wannan ƙaramar. Manhaja tana ba ka kod a shirye, Ditto kuwa sai ka kaɗa su da hannunka kafin ka yi solo a kansu. Canja makulli yana nufin ka nemo Bbm7 da Db7 da C7 da kanka idan ka koma F maina, kuma wanda ya nemo su ya riga ya ga inda sautukan solonsa suke a wuyan jita. Wanda bai iya riƙe lokaci na awo 12 ba tukuna zai sha wahala da ita a makonnin farko, gara ya fara da zagayen awo biyu ko huɗu a gudun 80. Idan za ka saya ta hannu, gwada madannin sau da yawa a jere ka tabbatar kowane taku yana kamawa, ka jijjiga fulogin wuta a raminsa ka ga ko fitilar tana ɗaukewa, sannan ka ɗauki zagaye ɗaya ka cire wutar ka mayar, ka ji ko yana nan.