Shafin alƙaluman WHO na shekarun lafiya: ra'ayina a kansa

Jama'a duk mai rubuta furojet a fannin lafiyar al'umma ko ɗan jarida mai neman alƙaluma, ina ba shi shawara ya leƙa shafin bayanai na Hukumar Lafiya ta Duniya wato data.who.int, kyauta ne, ka zaɓi ƙasa kawai sai ya baje maka komai. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne ma'aunin da suke kira HALE, wato ba tsawon rai kaɗai ba, shekara nawa ake sa ran mutum zai yi da ƙoshin lafiya bayan an cire wanda ciwo ya cinye.

Yadda suke lissafin ba wani tsafi ba ne, hanyar wani bawan Allah ce Daniel Sullivan da ya fitar tun 1971. Ana ɗaukar jadawalin mace-mace na kowane rukunin shekaru, sai a haɗa shi da yawan masu fama da cuta a wannan rukunin, kowace cuta kuma an ba ta nauyi daga 0 zuwa 1, sifili lafiya lau, ɗaya daidai da mutuwa. To in ciwon mutum nauyinsa 0.2 ne, shekarar da ya yi da shi ba za a ƙirga ta cikakkiya ba sai 0.8. Haka za a bi ciwon suga, sikila, makanta, ciwon baya, taɓin hankali duk a zabtare. Yawancin bayanan cututtukan kuma daga cibiyar IHME ta Jami'ar Washington da ke Amurka suke samo su. Ni dai wannan hanyar ta fi kwanta min a rai a kan ta Tarayyar Turai, inda ake tambayar mutum ko rashin lafiya ta takura masa harkokinsa na aƙalla wata 6, don Bahaushe ko yana jan ƙafa ka tambaye shi zai ce maka alhamdulillahi da sauƙi.

Shafin ya yi kyau gaskiya, an raba maza da mata, kana ganin layin yana hawa yana sauka tun daga 2000. Ga duniya baki ɗaya korona ta ja tsawon rai baya zuwa 71.4 a 2021, shekarun lafiya kuma suka koma 61.9, ka ga kusan shekara 10 kenan ana yin su cikin jinya. Na Najeriya shekarun lafiyar hamsin da 'yan kai ne.

Amma fa ga inda nake da magana. Lambar nan ta Najeriya ƙiyasi ce ba ƙirga ba, kuma mai karatu cikin gaggawa ba lalle ya lura ba. Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, sannan a wajenmu mutum ya rasu da asuba kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, wa zai je hukumar ƙidaya karɓo takardar shaidar mutuwa in ba maganar gado ko fansho ta taso ba, balle a rubuta abin da ya yi ajalinsa. Dole sai dai su dogara da binciken gida-gida irin NDHS, wato binciken al'umma da lafiya na Najeriya, su cike giɓin da lissafin kwamfuta. Shi ya sa za ka ga WHO ta ce tsawon ran ɗan Najeriya ya haura 60, sashen ƙidaya na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce wajen 54, ƙasa ɗaya fa.

Sai kuma matsalar lamba ɗaya tal ga ƙasa sukutum, an haɗa Legas da Jigawa a kwano ɗaya alhali mutuwar yara ƙanana a Arewa maso Yamma ta fi ta Kudu nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke jan lissafin ƙasa sosai. Babu Hausa a shafin, wannan ma ya rage masa maki a wurina.

Ina amfani da shi wajen kwatanta Najeriya da Nijar ko Ghana da ganin inda aka dosa cikin shekara 20, a nan kam ya biya. In kuma maganar jiharku kake so ka yi to ka nemi rahoton NDHS ka ɗora a kai.