Wasiƙa daga unguwar Nima ta Akra: Na shiga ɗakin da ake ɗaukar shirin barkwanci

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni a waya me na gani a Akra da babu irinsa a Kano, na ce sai dai in rubuto, maganar ta fi ƙarfin kati.

Wani maƙwabcinmu tela, mai yi wa ma'aikatan wani gidan talabijin ɗinki, shi ya samo mana gurbi a wurin ɗaukar shirinsu na hira da barkwanci. Shiga kyauta ne, amma sai an rubuta sunanka tun kafin ranar, su turo maka saƙo ta WhatsApp da lokacin zuwa da irin kayan da za ka sa. Ba a son farare tas ko masu ƙananan zane, kyamara ba ta jituwa da su. Gidajen talabijin na GBC da TV3 suna nan unguwar Kanda, gab da mu, amma wanda muka je yana da ɗan nisa, sai da muka hau trotro, wato ƙananan bas ɗinsu na haya. Motocin tsofaffi ne, sai dai ƙungiyar direbobi ta yanke kuɗin kowace tasha, babu cinikin da muke yi da ɗan adaidaita sahu. Cunkoso kam sun fi mu. Ruwan leda da na saya a bakin ƙofa ma ta MoMo na biya, wato tura kuɗi ta wayar salula, kafin in mayar da waya aljihu kuɗi ya shiga, babu tsayuwar jiran alat.

Ɗakin ƙarami ne, ko kusa bai kai yadda yake fitowa a talabijin ba. Sanyin na'ura kamar hunturu, fitilu kuma rataye a sama birjik. Kyamara uku, ɗaya a kan dogon ƙarfe tana shawagi bisa kawunanmu. Aka ce kowa ya kashe waya. Kafin mai shirin ya fito, wani saurayi ya yi kusan rabin sa'a yana zolayarmu don jiki ya saki. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya kama ni da rigimar dafa-dukar wa ta fi daɗi, ɗaki ya kaure da dariya. Sannan wata mata mai abin magana a kunne ta koya mana tafi: in ta ɗaga hannu a tafa, in ta sauke a tsaya. Ita ce ke ƙirga wa mai shirin da yatsu, biyar zuwa ɗaya, jar fitila ta kama a kan kyamara, a fara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan aikin da ke bayan dariyar. Maganar buɗewa a rubuce take, tana tafiya a gilashin da ke gaban kyamara, yana karantawa kamar yanzu ta zo masa. In harshensa ya sarƙe a tsaya, mai kwalliya ta goge masa gumi, a sake, mu ma mu sake tafi. Shirin da bai wuce sa'a guda ba ya cinye mana yamma ɗungurungum. Turanci yake yi haɗe da yaren Tuwi da buroka, maƙwabcina na fassara mini a kunne. Ya taɓa faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, ya taɓa dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya kwaikwayi muryar masu mulki, ga ɗan siyasa zaune a kujerar baƙo yana dariya. Ba banza ba: tun 2001, zamanin John Kufuor, Ghana ta soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna, shi ya sa bakinsu ya saki. Akwai dai zolayar da ta wuce kunyarmu, wadda ba zan so a kalla tare da Hajiya ba.

Inda suka gaza, babu wurin sallah. Magariba ta riske mu a hutu, sai maigadi, mutumin Tamale ta arewacin Ghana, ya ba mu buta ya shimfiɗa mana kwali a wurin ajiye motoci. Abinci kuma babu, ga na bakin titin unguwar da tsada. Sai da muka dawo Nima muka ci wake da shinkafa na kirki.

Yaya, abin ya dame ni. Mu da muka tashi da Samanja, muka ga zamanin marigayi Ibro, ba mu rasa masu ban dariya ba, kuma ga ARTV ga Arewa24. Yaran unguwarmu da ke ɓata basirarsu a TikTok, da za su samu ɗaki irin wannan, da marubuta, da 'yan kallo a gabansu, da kamfanin da zai biya talla, sana'a ce sosai. A ɗakin nan kaɗai na ga masu fitila, masu sauti, mai kwalliya da masu jan waya, duk a nan suke cin abinci. Ka nuna wa ƙaramin namu mai son harkar kyamara wasiƙar nan, in ya gama makaranta ina da wurin kwana.

A gaida Hajiya, a ce saƙonta na atamfa yana hanya.