Abincin yaro bayan wata shida: na gwangwani, na leda, ko garin da uwa ta haɗa da hannunta

Idan yaro ya cika wata 6, ya fara bin cokali da ido yana kai hannu cikin kwanon yayyensa, shawara kan yi wa uwa yawa. Kakarsa za ta ce a dama masa koko, ai da shi aka raini ubansa. Maƙwabciya za ta ce a sayo na gwangwani, domin shi ne ke sa ɗa ya yi ɓul-ɓul. Maigida kuwa, da yake aljihunsa ne zai ji a jika, yakan ce a yi wanda ya fi sauƙi. Na yi goyo uku a Kano, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ban bi ba, har da wadda ta kai ni gadon asibiti da ɗana na biyu. Duk abin da zan kwatanta a nan ƙari ne a kan nono, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayar da shi tare da abinci zuwa shekara 2, wanda ya yi daidai da shekara biyu cikakku da aka ambata a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara.

Koko tsinkakke ba shi da wani abin a zo a gani: ruwa ne da ɗan ƙullu, yana cika ɗan ƙaramin cikin yaro ba tare da ya gina masa jiki ba, kuma yaran da aka dogara da shi kaɗai a gare su suna cikin masu faɗawa tamowa. Kastad garin sitacin masara ne da aka sa wa launi da ƙamshi, biskit da aka jiƙa a shayi kuwa ban ma ɗauke shi abinci ba.

Na gwangwani, irin su Cerelac da Nutrend, dole a ba su haƙƙinsu. An ƙara musu sinadarin ƙarfe mai gina jini da bitamin iri-iri, an auna komai, kuma ranar tafiya ko ranar da uwa ta kwanta ciwo babu abin da ya kai su sauƙi, tunda tafasasshen ruwa da kofi mai tsabta kawai ake bukata. Matsalarsu ta farko tsada, kuma tsadar ce ke haifar da ta biyu: idan gwangwanin da ya kamata ya ƙare cikin kwanaki kaɗan aka so ya kai ƙarshen wata, sai a riƙa rage gari ana ƙara ruwa, a ƙarshe yaron yana shan koko ne mai tsadar gaske. Sai kuma zaƙi. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya yana ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu. Kamfanin da ke yin Cerelac ya amsa da cewa yana bin dokokin ƙasashen da yake kasuwanci a cikinsu. Ni dai abin da na gani a ɗakina shi ne, yaron da bakinsa ya saba da zaƙi yakan kau da kai daga faten wake da tuwo mai laushi, sai an yi ta fama da shi.

Abin da na tsaya a kansa tun goyona na uku shi ne garin kunun da ake haɗawa a gida, wanda ma'aikatan asibiti kan kira Tom Brown. Ma'aunina gwangwanin madara ne: gero shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Gero shi ne ƙarfi, waken suya shi ne ginin jiki, gyaɗa kuma ita ce maiƙo da ɗanɗano, kuma dukansu uwa za ta iya gani da idonta, ta taɓa da hannunta, ta sansana kafin ta biya, ko a Dawanau ta saya ko a wurin mai awo na bakin layi. Gero ana wanke shi a rege tsakuwa, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a ɗan soya shi a kasko ba mai har ya fara ƙamshi. Waken suya shi ne mai aiki, kuma a nan ne mata da yawa ke gajarta hanya su jawo wa yaro kumburin ciki: sai an jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon a zubar, a tafasa shi sosai, a shanya, kafin a soya, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da abinci, kuma wuta ce kaɗai ke kashe shi. Gyaɗa kuwa ɗaya bayan ɗaya nake tsince ta, duk wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna in jefar, saboda irin wannan gyaɗar ce ke ɗauke da gubar da masana ke kira afulatoksin, mai lahanta hanta da tauye girman yaro, wadda suya ba ta kawar da ita. Gara a sayi gyaɗa rabin mudu mai kyau da a sayi mudu guda na araha.

Wurin niƙa ma akwai magana. Injin unguwa yana niƙa yaji da barkono da kanwa da duk abin da aka kawo, saboda haka nakan je da sassafe, in sa a fara zuba ɗan gero a wanke bakin injin da shi, in ware wannan domin kunun manya, sannan a zuba na yaro. Idan an dawo gida a baza garin a faranti ya huce kafin a tankaɗe da rariya mai laushi, domin garin da aka rufe da zafinsa yakan yi gumi ya lalace. Ba na haɗa wanda zai wuce mako uku ko huɗu, musamman da damina, saboda man gyaɗar da ke ciki yana saurin juyawa.

Wajen damu, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin ruwa mai tafasa, a yi ta juyawa har ya nuna sosai. Kaurin da ake so shi ne wanda idan aka karkata cokali kunun ba zai zube nan take ba, kuma da kofi da cokali ake ba yaro, domin duk kunun da zai wuce ta bakin fida ya tsinke da yawa. Wata dabara da na koya a wurin awo a asibiti ita ce garin tsiro: a jiƙa gero, a lulluɓe shi da tsumma mai danshi kwana biyu zuwa uku har ya tsiro, a shanya, a murje saiwar a fece, a niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari a cikin kunu mai kauri yakan sa ya saki da kansa ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a mayar kan wuta ya sake tafasa, yaro ya haɗiye cikin sauƙi kuma ƙarfin abincin yana nan. Daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a yini ya wadatar, ana farawa da cokali biyu ko uku. Daga wata 9 a ƙara zuwa sau uku ko huɗu. Farkon ba shi abin da ke da gyaɗa ko waken suya a sa ido, idan ƙuraje suka feso ko fuska ta kumbura a dakata a kai shi asibiti.

Inda na gwangwani ya fi garina shi ne sinadarin ƙarfe, kuma ban ɓoye wannan ba. Nakan cike gurbin da dafaffiyar hanta da aka murƙushe, da ƙwai, da garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, da ɗan garin zogale, wani lokaci da ɗigon manja, sannan gwanda ko ayaba a tsakanin abinci. Gishiri da dunƙule ba sa shiga, zaƙi kuma dabino ɗaya ko biyu da aka jiƙa aka tace sun isa. Zuma dai a haƙura da ita har yaro ya cika shekara guda, ko da kakarsa za ta yi fushi, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da hanjin jariri bai kai ga jure mata ba.

Abin da ya sa na fi amincewa da hannuna ya faru ne lokacin da ɗana na biyu yake da wata 8. Na ga gwangwani a wani ƙaramin shago farashinsa ƙasa da yadda na saba saye, na ɗauka sa'a na taka. Da na buɗe na ji wani wari kamar na daɗaɗɗen mai, amma na danne zuciyata saboda kuɗin da na riga na kashe. Kwana biyu da fara ba shi gudawa ta ɓarke, ruwan gishiri da sukari bai tsayar da ita ba, sai da aka kwantar da mu aka ƙara masa ruwa. Bayan mun dawo na juya gindin gwangwanin a cikin rana, sai ga inuwar tsohuwar ranar lalacewa a ƙarƙashin sabuwar da aka buga a kai. Tun daga ranar, kafin in tambayi farashi nake juya gwangwani. Lambobin kamfani na asali a jere suke, girmansu ɗaya, kuma ba sa gogewa idan aka murza da yatsa mai danshi. Idan wurin ya yi ƙyalli fiye da kewayensa, ko ya yi kamar an kankare, ko an manna wata 'yar takarda a kai, a ajiye shi. A duba lambar rajistar NAFDAC, a duba takardar azurfar da ke ƙarƙashin murfi ko an taɓa ɗaga ta an sake liƙewa, a guji gwangwanin da ya lotse, ko ya yi tsatsa, ko ya kumbura, da wanda aka jera a rana a bakin titi. Lambar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin masu jabu suna kwafarta kamar yadda suke kwafar hoton jikin kwali, shi ya sa rubutun da ya dusashe ko harafin da ya karkace ya fi lambar faɗin gaskiya. Gwangwanin da ya ƙare kuma a lotsa shi ko a huda gindinsa kafin a bayar da shi ga 'yan gwangwan, saboda da irinsa ake sake ɗura wani garin.

Haka nan garin kunun yara da ake ƙullawa a leda ana tallarsa a WhatsApp da Facebook. Akwai mata masu tsoron Allah a cikin sana'ar, amma ledar da ba ta da sunan mai yi, ba ranar haɗawa, ba jerin abin da ke ciki, uwa ba ta da hanyar sanin ko an tsince gyaɗar, ko an dafa waken, ko kuwa garin masara ne aka cika da sukari aka ɗan barbaɗa gyaɗa domin ƙamshi. Na taɓa ɗanɗana wani da ya fi alewa zaƙi. Madarar awo da ake ɗiba daga buhu ita ma sau da yawa madara ce da aka cire mata mai aka maye da man itatuwa, wani lokaci ma farin garin shayi ne kawai, kuma babu ɗayansu da aka yi domin jarirai. Sai 'yar ledar nan ta gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa kyauta a asibiti, wadda ake gani a tiren masu talla: magani ce da ake bayarwa bisa awon nauyin yaro, ba ta sayarwa ba ce, kuma duk wadda ta fito kasuwa daga bakin wani yaro marar lafiya aka ɗauke ta.

Yanzu a ɗakina akwai bokitin roba mai murfi da garin kunu a ciki, na rubuta ranar da aka niƙa shi a jikin murfin. A bayansa akwai gwangwani ɗaya tak, wanda na saya a babban kantin da ke ba da rasit, ina ajiye shi domin ranar da za mu kama hanyar Katsina gaishe da kakanninsu.